Shawara nake nema: a ina ya kamata in kafa shagon gyaran waya a Kano?

Sabon_Yaye:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu shiga harkar neman na kai, musamman 'yan Kano.

Shekarata huɗu da 'yan watanni ina koyon gyaran waya a wajen maigidana a kasuwar waya ta Farm Centre, alhamdulillahi yanzu ya yaye ni, ya sa min albarka, har ya haɗa min da mita da injin hura zafi guda ɗaya. Da ɗan abin da na tara a adashi, da wanda yayana ya ƙara min, da kuɗin tumaki biyu da Hajiyarmu ta sayar saboda ni, abin da ke hannuna ya kama miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. To wurin zama ne yanzu ya hana ni barci, yau sati uku ke nan kullum da safe in yanke shawara, kafin la'asar na warware ta.

Wurare uku ne a gabana. Na farko wani abokina da muka yi koyo tare ya ce mu raba teburi a nan cikin Farm Centre, kowa ya biya rabi, wurin ƙarami ne ƙwarai, mutum biyu ma da ƙyar za su zauna, kuma kuɗinsa zai cinye min kusan rabin jarin. Na biyu shago ne sosai mai ƙofar ƙarfe a unguwarmu Ɗorayi, a jikin gidan wani dattijo, taku kaɗan daga inda 'yan adaidaita sahu suke sauke mutane, hayarsa ba ta kai rabin na teburin ba. Na uku kwantena ce a bakin titin Gwarzo kusa da sabuwar jami'ar Bayero, dillalin ya ce min ɗalibai kamar ƙasa, kuma duk ɗalibi da waya a hannunsa, wasu ma biyu.

Zuciyata ta fi karkata ga kwantenar gaskiya, amma Hajiya ta fi son na unguwa don ta riƙa ganina, maigidana kuma cewa ya yi duk wanda ya bar kasuwa ya bar ciniki. Kuɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai gumin mutane a ciki, shi ya sa nake tsoron in zuba shi inda zai nutse. Dan Allah a taimaka min da abin da aka sani.

Dattijon_Kwari:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka, ya sa ka fara a sa'a. Ni ba mai gyaran waya ba ne, atamfa da shadda nake sayarwa sama da shekara talatin, amma shago shago ne ko me za a zuba a ciki.

Maganar maigidanka ba banza ba ce. Ka duba yadda garin nan yake tun kafin a haife mu, mai son hatsi Dawanau zai nufa, mai son kayan miya 'Yankaba, kayan marmari 'Yan Lemo, kayan masarufi Singa, yadi Kwari, gwanjo da robobi Ƙofar Wambai, ƙarafa da kayan gini Ƙofar Ruwa. Yara da yawa suna ɗauka zama cikin 'yan sana'a ɗaya kishiya ce, alhali shi ne yake jawo mai saye tun daga Haɗeja da Gumel da Maraɗi, saboda ya san in bai samu a wajen wannan ba zai samu a wajen na kusa da shi. Mutumin da wayarsa mai tsada ta lalace ba tambayar sunanka zai yi ba, kasuwar waya zai nufa kai tsaye. Amma fa ka sani a irin wannan wuri sabon shiga shi ne na ƙarshe a layi, masu tsayawa a bakin ƙofa suna tare kwastoma ba wajenka za su kawo shi ba sai ka ba su nasu kason.

Abin da na fi so in ja kunnenka a kai shi ne kwantenar nan. Ka tambayi dillalin, filin da take kai na waye? In gefen titi ne, wato tsakanin kwalta da katangar mutane, ko a kan magudanar ruwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, to ba na mai kwantenar ba ne balle ya ba ka haya. Ranar da za a zo faɗaɗa titi ko a shafa jan fenti babu wanda zai tambaye ka nawa ka biya. Kowa ya ga abin da ya faru a watan Yuni na 2023 lokacin da aka rushe shagunan Filin Idi, gine-gine ne na bulo da siminti, wasu har da bene, mutane sun zuba dukiya mai yawa a ciki, to ina ga kwantena da mota ɗaya za ta ɗauke ta cikin minti goma. Ba siyasa nake kawowa ba, ina nuna maka ne cewa ƙasar da shago yake kai ta fi shagon muhimmanci. In da hali ka je ofishin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, da kanka ka tambaya ko an yarda a ajiye kwantena a wurin, kar ka tsaya a kan bakin dillali, shi la'adarsa yake nema, da zarar ka biya ya gama da kai.

Na biyu, duk shagon da za ka kama ka tambayi maƙwabta yadda wurin yake da damina. Dillalai sun fi son nuna shago da rani. Mu a Kwari mun gani a daminar 2022, ruwa ya shigo layuka ya shiga shaguna, dilolin atamfa da leshi suka jiƙe sharkaf, mutane suka riƙa shanya dukiya a titi suna hawaye. Ka duba gindin bangon shagon, in ka ga tabon danshi ya hau kamar kamu ɗaya ko fenti yana ɓarewa daga ƙasa, ruwa yana kwana a wurin ko da an rantse maka ba ya yi. Kai kuma kayanka ba sa shiri da laima ko kaɗan, ga wayoyin mutane amana a hannunka.

Kuma ɗana kar ka yarda haya da gyaran shago su haura kashi ɗaya cikin uku na abin da ke hannunka. Na ga yara da yawa sun kama shago mai kyau, sun sa tayil da fanka da allon suna mai fitila, aka zo zuba kaya babu kuɗi.

Maman_Biyu:

Ƙanina ni dai kan maganar ɗalibai zan tsaya don na ɗanɗana. Na taɓa riƙe shagon hoton takardu da buga aiki a kwamfuta a ƙofar wata jami'a, ba a Kano ba, lokacin da makaranta take ci wallahi ko abinci ba ma samun zama mu ci, har yarinya ta biyu na ɗauka. Sai aka shiga yajin aikin malaman jami'a a watan Fabrairun 2022, muka ce sati biyu ne ko wata ɗaya, ba a dawo ba sai Oktoba, wata takwas cur unguwar ta zama kamar an yi shara, mai shayi ya tafi, mai awara ta tafi, ni kuma na riga na biya hayar shekara, injin hoton ma sai da na sayar da shi na rage bashi. Ko babu yajin aiki ma ka zauna ka lissafa hutun ƙarshen zango da na ƙarshen shekara da na Sallah, za ka ga watannin cinikin ba su kai yadda dillali yake faɗa ba, shi kuwa mai wuri wata goma sha biyu yake karɓa. Ga shi ɗalibi akwai son gyara babu kuɗin gyara, zai kawo waya ka sa mata sikirin da kuɗinka ya ce sai an turo masa daga gida.

Ban ce wurin ba shi da kyau ba fa, yanzu wajen Rijiyar Zaki da Danbare da Rimin Gata sun cika da gidaje, in mutanen unguwa ne za su riƙe ka ɗalibai su zama ƙari to da sauƙi. Amma in don ɗalibai kaɗai za ka je, ka sake tunani.

Sai abu ɗaya da maza ba su cika lura da shi ba. Mu mata muna da wayoyi kuma suna lalacewa, yara suna jefa su a ruwa suna fasa su kullum, amma da yawanmu ba za mu iya ɗaukar hanya har Farm Centre ba, ga kuɗin mota ga neman izini ga cunkoso. In akwai mai gyara a unguwa wanda aka san gidansu aka san mahaifiyarsa, wallahi shi za a kai wa, don waya akwai sirrin mutum a ciki, hotunan iyali da saƙonni, ba kowa za ka miƙa wa ka juya baya ba. Sharaɗin kawai kar ka bari ƙofar shagonka ta zama majalisa. Duk shagon da na hango samari biyar shida a kan benci suna musun ƙwallo, ko kyauta ake gyara a wurin wucewa zan yi, kuma haka duk matan da na sani suke. Ka duba shagon na Ɗorayi, in akwai majalisa a jikinsa tun kafin ka zo to ba kai za ka tashe ta ba.

Mai_Gyara_Beirut:

Abokina sannu da ƙoƙari, sana'armu ɗaya, ni na fara a Beirut Road shekara uku sannan na koma unguwa, yanzu shekarata biyar a can, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake ta ciki.

Da girmamawa ga Baba na Kwari, mai sayar da kaya da mai gyara ba ɗaya ba ne. Mai sayarwa yana son inda ake zagayawa ana taya kaya, mu kuma amana muke sayarwa, mutum ya dawo ya kuma turo ƙaninsa. A kasuwa za ka ga aiki da yawa amma ribar kowane aiki 'yar kaɗan ce don akwai mutum ashirin a layinku da za su karya farashi, kuma kai da abokinka a teburi ɗaya in kwastoma ya tsaya na waye? Wannan kaɗai ya raba abokai da yawa a gabana. Ga haɗarin cunkoso, kai shaida ne kan gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Babbar Sallah ta 2025, wuta in ta kama a irin wurin nan ba ta tambayar teburin waye.

Amfanin kasuwa na gaskiya guda biyu ne kuma kar ka raina su. Kayan gyara suna bayanka, sikirin ko batir ko bakin caji in ka sa bai yi ba minti biyar ka canjo. Sannan in aiki ya gagare ka, musamman matsalar allon cikin waya, wato injinta, ko filashin, wato sake loda mata manhaja, akwai wanda ya fi ka a kusa. A unguwa kai kaɗai ne, kuma duk sikirin ɗin da babu a durowarka sai ka tsallaka gari. Ka lissafa daga Ɗorayi zuwa Farm Centre zuwa da dawowa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya har ta taɓa dubu, kuɗin adaidaita ya bi ta, in za ka yi wannan tafiyar saboda waya ɗaya to aikin banza ka yi, ga shago a rufe awa biyu. Yadda nake yi, ina tara aikin yini, da safe kafin in buɗe in je in haɗo kayan gaba ɗaya, wani lokacin in tura kuɗi ta waya wani yaro ya ba ɗan adaidaita ya kawo min. Kuma na lura da wayoyin da mutanen unguwar suka fi riƙewa, yawanci Tecno ne da Itel da Infinix sai ɗan Redmi da Samsung, na ajiye sikirin da batir na waɗanda suka fi yawa. Tunda kana da maigida a kasuwar kuma kun rabu lafiya, ai ka riga ka samu rabin abin, ka riƙe shi hannu biyu.

Maganar wuta kuma kar ka tambayi mai shago, ka tambayi mai injin markaɗe ko mai sayar da ƙanƙara ko mai walda na layin, su za su faɗa maka gaskiyar awa nawa ake kawowa kuma taransifomar tana yawan lalacewa ko a'a. Ka tambaya layin a wane rukuni yake, don tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, wasu shagunan wuta akwai amma kuɗinta ya fi ƙarfinsu. Ka kuma tabbata mitar shagon daban take da ta gidan, in ba haka ba kai za ka riƙa biya wa firjin matan gida. Ni dai sola na haɗa ƙarama, faifai biyu da batir da inbata, tana ɗaukar min fitila da kayan aiki in ban da injin hura zafi da yake jan wuta, har cajin waya nake yi wa mutane ina samun na cefane. Ka duba ko rufin shagon zai ɗauki faifan kuma mai gidan zai yarda.

Sai babbar cutar unguwa, bashi. Unguwar da aka haife ka kowa yayanka ne ko abokin babanka ko surukin wani naka, a gyara a ce sai anjima, ka bi kuɗinka a ce ba ka da kunya. Shi ya sa ni ban buɗe a layinmu ba, na matsa unguwar gaba, inda an san ni amma ba a yi min wankan jarirai ba. In shagon naka yana ƙofar gidanku ne to ka shirya, tun ranar farko waya ba ta fita sai an biya, ko ta waye.

Abu na ƙarshe, gani ya kori ji. Ka ɗauki littafi ka je ka zauna kusa da kowane wuri, ranar aiki ɗaya, Juma'a ɗaya, Lahadi ɗaya, safe da bayan la'asar da bayan isha'i, ka ƙirga masu wucewa da ƙafa, ban da na cikin mota don su ba naka ba ne. Ka lura wane gefen titi mutane suke sauka in sun dawo daga aiki, don da safe kowa sauri yake, da yamma ake tsayawa gyara, kuma in akwai shinge a tsakiyar titi to mutanen wancan gefen ka cire su daga lissafi. Ka ga ko akwai inda mai babur zai ajiye babur ɗinsa. Ka ga ko ƙofar yamma take kallo, in haka ne ranar la'asar za ta dafa ka ta dafa batiran da ka ajiye. Ka ƙirga masu gyara nawa ne a zagayen da masu POS da masu caji, don inda mai caji yake da layi akwai wayoyi a wurin.

Ɗan_Wudil:

Ni tambaya ce da ni, dole sai cikin birni? Ƙanena teburi da lema kawai gare shi, ranar Juma'a yana cin kasuwar Wudil, sauran ranaku ya bi kasuwannin ƙauyukan kusa, makiyaya da manoma suna zuwa da wayoyi a lalace an tara su sati guda, kuma hannu da hannu suke biya. Ko ka kama shagon ma kana iya ware rana ɗaya a sati ka gwada.

Sabon_Yaye:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya biya ku da gidan Aljanna. Na yi shiru kwana tara ne don na bi abin da kuka ce.

Kwantena dai na haƙura da ita. Na tambayi dillalin takardar filin ya fara kame-kame, da na zagaya bayanta kuma sai na ga rabinta a kan kwalbati take zaune. Baba na gode, da na afka. Anti Maman Biyu maganarki ma na tabbatar, mai shayin wurin da kansa ya ce min in an yi hutu garinsu yake tafiya.

Na zauna a shagon Ɗorayi kwana uku da littafina kamar yadda oga na Beirut ya ce. Da safe ba wani mutane sosai, amma daga la'asar zuwa ƙarfe tara wurin ba ya yankewa, kuma a gefenmu ake sauka. Akwai masu POS biyu da mai caji ɗaya da kemis, mai gyaran waya ɗaya ne a kusa kuma shi ma an ce sikirin kawai yake canjawa, aikin allo kasuwa yake turawa. Ƙofar gabas take kallo, babu majalisa sai wani tela a gefe, kuma ba layinmu ba ne, tsakaninsa da gidanmu tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa. Wuta ce dai babu yabo, mai markaɗe ya ce inji yake tayarwa kusan kullum, don haka sola ta zama dole. Na je na faɗa wa maigidana duk wannan, ya ɗan yi shiru sannan ya ce in na tashi sayen kaya in riƙa zuwa wajensa zai ba ni a farashin sari.

Sai dai wata sabuwa ta taso. Ashe dattijon da nake cewa mai gidan ba shi ba ne, ƙanin mai gidan ne, asalin mai gidan ya rasu bara kuma ba a raba gado ba, 'ya'yan suna da yawa wasu ma ba sa gari. Shi dattijon ya ce in biya shekara biyu a haɗe zai rage min, kuma ba sai an yi wata takarda ba tunda ya san mahaifina. Ragin yana da ɗan yawa gaskiya. Ya kuke gani?

Dattijon_Kwari:

Ɗana kar ka biya shekara biyu, kar kuma ka ba da ko sisi babu takarda. Ba zargin dattijon nake ba, mai yiwuwa mutumin kirki ne, amma gidan gado ba shi da mai magana ɗaya, gobe magada suna iya cewa za su sayar a raba, sabon mai gida kuma bai san da zamanka ba, ka ga kuɗin solarka da kantarka da fentinka sun tafi. Ka tambaya waye magadan suka wakilta ya riƙa karɓar haya, a zauna da shi da babban ɗan mamacin a gaban mai unguwa, a rubuta shekara ɗaya, a rubuta nawa ka biya da ranar da za ta ƙare, da wata nawa za a ba ka na shiri in za a tashe ka, da cewa duk abin da ka kafa da kuɗinka kamar sola da kanta naka ne za ka cire. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Allah da kansa ya ce a rubuta bashi a cikin Suratul Baƙara, don haka babu rashin kunya a neman takarda. Kuma ka tafi da yayanka, kar ka je kai kaɗai, dattijo zai fi sakin jiki ya yi maganar kuɗi da babba.

Sabon_Yaye:

To Baba, in sha Allahu haka za a yi. Na kira Yaya yanzu, ya ce ranar Asabar bayan azahar za mu je wajen mai unguwa tare, shi kuma dattijon ya ce zai nemo lambar babban ɗan da yake Kaduna. Oga na Beirut dan Allah in ka ga wannan ka faɗa min girman batir da inbatar da kake amfani da su, ina so in je in yi tambayar farashi kafin Asabar ɗin don in san abin da zai rage min na sayen kaya.